Abin da Baƙo Ba Zai Roƙa Ba

Tambayi duk baƙon da ya kwana a gidanka, "An tashi lafiya?" Amsar guda ce: "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ko sauro ya hana shi runtsawa, ko da ƙishirwa ya kwana, ko fitsari ya matse shi tun tsakar dare bai san inda zai dosa ba, abin da zai ce ke nan. Haka aka rene mu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai tana ɗora wa mai gida wani nauyi da yawancinmu ba mu ankara da shi ba. Tunda kunya ba za ta bar baƙo ya faɗa ba, balle ya roƙa, dole ne mai masauki ya riga shi tunanin bukatarsa, ya ajiye masa ita a ɗaki tun kafin ya iso. A ganina adon ɗakin baƙi daga nan yake farawa.

A Daura maganar ba ta wasa ba ce, don gari ne da ba ya rabuwa da baƙi. Da Sallah ana zuwa kallon hawa, musamman Hawan Magajiya. Da watan Mauludi ga Sallar Gani, wadda ke dawo da 'yan gari da ke zaune Kano da Kaduna da Legas, kowa da abokansa a biye. Ranar Lahadi kasuwar Mai'aduwa na janyo fatake da dillalan dabbobi daga nesa, kuma iyakar Kwangwalam ba ta taɓa raba zumuncin mutanen nan da 'yan'uwansu na Matamaye da Damagaram ba. Yanzu ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga Jami'ar Sufuri, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 wanda ya ratsa ta nan. Iyaye na rako 'ya'yansu makaranta, ma'aikata na neman inda za su sa haƙarƙarinsu kafin su sami haya. Ranar 15 ga Yuli, 2025 kuwa, da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari aka binne shi a gidansa, garin ya ga taron da babu otal-otal ɗin da za su iya ɗauke shi a gari mai girman Daura. A irin wannan rana gidajen mutane ne masauki, daga Daura har Sandamu da Zango da Baure.

To me muke tanadar wa waɗannan bayin Allah? A sababbin gidajen da ake ginawa a bakin gari, ɗakin baƙi ya zama wurin nuna hali. Tayil mai sheƙi, silin mai zane da fitilu kala-kala, labule mai nauyi har ƙasa, gado ƙato, talabijin a bango. Ban ƙi ko ɗaya ba, wanda Allah Ya hore wa ya yi. Amma na taɓa kwana a irin wannan ɗaki a gidan wani mutumin kirki da ya karɓe ni hannu bibbiyu. Cikin dare aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Taga ɗaya ce, kuma an toshe bayanta da katangar maƙwabci. Na lalubi ruwa, babu. Na shiga banɗaki, famfo ba ya zuba, ba bokiti, ba buta. Ƙofar ɗakin kuma cikin falon iyali take buɗewa, ina jin numfashin yaran da suka kwanta a nan. Haka na zauna a bakin gado har aka kira assalatu. Mai gidan bai rage ni da komai ba a zuciyarsa, kuɗi kuma ya kashe su. Abin da ya faru shi ne an shirya ɗakin don idon mai leƙowa da rana, ba a tuna da mai kwana ba.

Magabatanmu da suka yi gini da tubali da azara sun fi mu lura da wannan. Dubi tsarin tsohon gidan Bahaushe, irin waɗanda har yanzu ake samu a unguwannin cikin gari kewaye da fada. Daga waje sai zaure. Daga zaure sai filin ƙofar gida. Daga nan sai shigifa, sannan cikin gida inda mata suke. Ɗakin baƙo namiji a wannan fili na tsakiya yake, kusa da na samari, sau da yawa da ɗan makewayinsa a gefe. Hikimar a fili take. Baƙo yana cikin gida, ana jin motsinsa, ana aiko masa da abinci da zafinsa, amma yana iya fita masallaci da asuba ba tare da ya ratsa ta kan kowa ba, matan gida kuma suna sha'aninsu ba a takure ba. Shi ya sake, su sun sake. Ginin ƙasar ma yana nasa aikin: kaurin bango yana shanye zafin rana a hankali, ɗaki ya wuni da sanyi, da dare kuma ya saki ɗumin kaɗan-kaɗan, abin da ake bukata da hunturu. Bulo da kwano ba su da wannan haƙuri. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin azaba ne. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa dole ba. Cewa nake duk mai shirin aza harsashi ya zauna da magininsa ya tambaye shi abu biyu: ta ina baƙona zai fita ba tare da ya ji nauyin kowa ba, kuma ta ina iska za ta shiga ta fita? Taga biyu masu kallon juna, da raga a jikinsu, sun fi fankar da ke jiran wutar lantarki.

Sai ruwa, wanda shi ne kan gaba. Duk ɗan Daura ya san da me labarin garinsa ya fara. Kamar yadda aka gada a baki, Bayajidda ya iso garin da dare bayan ya baro Borno ya biyo ta Gaya, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta gaya masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu. Ya karɓi guga ya nufi rijiyar, sauran labarin kuwa, kisan macijin da auren Daurama da haihuwar Bawo, yara ma sun haddace shi. Masana tarihi na ta muhawara kan abin da ya faru da abin da aka ƙara, wannan nasu ne. Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne tsohuwar nan. Dare ya yi, ga mutumin da ba ta sani ba, gidanta ko ruwan ba shi babu, amma ta buɗe masa ƙofa, ta gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, ta ba shi abin da take da shi. Rijiyar tana nan har gobe, an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa suna shan ruwanta. Bai kamata a garin da ke da wannan labari a ce baƙo ya kwana da ƙishi ba.

Ruwan kuma iri biyu ne, kowanne da mazauninsa. Na sha ya kasance inda hannu zai kai daga kan shimfiɗa, a rufe, da kofi ko moɗa mai tsabta. In babu firiji, ko akwai amma wuta ba tabbas, ƙaramin tulu ko randa ya wadatar. Jikin tukunyar ƙasa yana tsattsafo da ruwa, iska na busar da shi, wannan bushewar ce ke janye zafi ta bar na ciki da sanyi, kuma a busasshiyar iska irin tamu abin ya fi aiki. Da wannan dabarar ce wani malami daga maƙwabciyarmu Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da duniya ta yaba, mu mun fara jin kunyar ajiye shi a ɗakin baƙi. Na biyu shi ne ruwan tsarki da alwala: buta cike, ba wadda ake rabawa da yaran gida ba, da bokiti a cike ko da famfo na zuba, don famfo ba ya sallama in zai ɗauke.

Wata gwaggota, Allah Ya jiƙanta, ita ce ta koya mini wannan ba tare da ta taɓa zaunar da ni ta yi mini bayani ba. In aka aiko cewa baƙo na tafe, tun da hantsi za ta sa a fitar da katifa a shanya a rana, a kakkaɓe tabarma, a share ɗaki har saƙo-saƙo, a yayyafa ruwa a daɓe ƙura ta kwanta. Sai ta shiga da kanta ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana dube-dube, bakinta na motsi kamar mai lissafi. Ta taɓa buta ta ji nauyinta. Ta ja sakata ta mayar ta ji ko tana kamawa. Ta kunna tocila ta kashe. Ta ajiye sabon sabulu da soso da ba a taɓa amfani da shi ba, da silifas a bakin ƙofa, da ɗan ƙullin goro da dabino a kan faifai. In hunturu ne, ta ƙara bargo a ninke a ƙarshen shimfiɗa, da man shafawa saboda kaushi, kuma kafin kiran sallar farko za ka ji ta tana tashin yaro: "Kai, tashi ka kai wa baƙo ruwan zafi, ka ajiye a bakin ƙofa, kada ka buga masa." Wannan "kada ka buga masa" ɗin ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Hidima take so ta isa gare shi ba tare da ta sa shi tashi yin godiya cikin sanyi ba.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa, alhali ba ya cin ko kwabo: alƙibla. Mutumin da ya iso gari da dare, mota ta yi ta juyi da shi a lunguna, ba ya sanin gabas. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Daga Daura alƙibla gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 20, kuma ba kowane ɗaki aka gina daidai da ita ba. A shimfiɗa darduma ko buzu a fuskar da ta dace a bar shi a haka, ko a yi 'yar alama a bango. Bangon nan kuma a bar shi fili, kada a rataya hoton mutum ko madubi a gaban mai salla. Carbi da Alƙur'ani a kan ɗan kanta sun isa, in baƙon Musulmi ne. In ba Musulmi ba ne, kamar ɗan bautar ƙasa ko injiniyan da aiki ya kawo, a bar masa ɗakin yadda zai sake, shi ma haƙƙinsa na baƙunta bai ragu ba.

Da damina kuwa babu adon da ya kai gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma a nan arewa cutar ta fi tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ba ƙaramin abin takaici ba ne mutum ya zo zumunci ya koma gida da zazzaɓi. A ɗaura gidan sauron tun kafin ya zo, don baƙo ba zai kama buga ƙusa a bangon mutane ba. A duba ko ya yage. In sabo ne mai magani, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura, saboda kada ya yi wa mai kwana ƙaiƙayi a fuska.

A nan dole in yi magana da babbar murya kan abubuwan da muke yi da kyakkyawar niyya amma suna iya kisa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa ya gudu. Haka hayaƙin janareta in an ajiye shi a gindin taga ko a cikin zaure. Haka fiya-fiya da ake yayyafawa a rufe ƙofa, a shigar da mutum ɗakin bai sha iska ba. Sannan ga wanda ya fi yawa a ƙauyukanmu: ɗakin baƙi shi ne rumbun wucin gadi. Bayan kaka a jibge buhunan gero da wake da gyaɗa a ciki, a jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhun wake, in baƙo ya zo a matsar da buhu gefe a shimfiɗa masa katifa. Ƙwayar nan iska take saki, iskar da ke kashe ƙwaro kuwa ba ta bar mutum ba. Ɗakin da aka sa wa hatsi magani ba wurin kwana ba ne, ga baƙo ko ga ɗan gida. Ko turaren wuta, da yake alamar karramawa, a turara tun da rana a buɗe taga, don akwai masu asma da ba za su ce a fitar da kasko ba.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa bukatar dogon bayani. Soket mai aiki kusa da shimfiɗa da caja, ko ɗan fitilar sola mai cajin waya. Sakata ta ciki. Mafici. Marataya ko ƙusa biyu masu ƙarfi, don wanda ya zo hawan Sallah da babbar rigarsa ta shadda da ta sha bugu ba zai so ya ajiye ta a ƙasa ba.

Baƙuwa mace ta fi shiga wahala a sabon tsarinmu, kuma ba a cika maganarta ba. A da cikin gida take wucewa kai-tsaye, uwargida ta sauka daga gadonta ta ba ta, a kwana ana hira. Wannan ya yi wa wadda ta saba da gidan daɗi. Amma suruka, ko matar aboki da ba a taɓa haɗuwa da ita ba, tana bukatar inda za ta cire mayafi ta miƙe ƙafa ba idon kowa. Tana bukatar zanen wanka, da igiyar shanya a inda maza ba sa giftawa, don akwai wankin da mace ba za ta miƙa wa kowa ba, ba kuma za ta shanya a tsakar gida ba. In da goyo ta zo, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado tun kafin ta iso, a ajiye fo. Uwa da yawa na kwana ido biyu don tsoron kada yaro ya jiƙa katifar mutane, leda ta 'yan nairori ta ɗauke mata wannan. Tsofaffi kuma a dubi gwiwoyinsu. Wata Hajiyar ba ta iya hawa dogon gado, wani Baban ba ya iya tashi daga katifar ƙasa. Kai ka san wanda zai zo maka, shimfiɗar ta bi jikinsa.

Addini bai bar wannan ga ra'ayinmu ba. Hadisi ingantacce ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya sanya liyafa kwana 3, abin da ya wuce haka sadaka ne. A wani hadisin da Muslim ya ruwaito an lissafa shimfiɗun da gida ke bukata, aka ambaci ta miji, da ta mata, da ta uku ta baƙo, aka kuma yi hani da tara abin da ya wuce bukata. Ka ga a wuri guda an ce a tanadi wurin baƙo, an kuma ce kada a mai da shi fariya. Labarin Annabi Ibrahim (AS) da baƙinsa shi ma abin dubawa ne: bai tsaya tambayarsu ko suna jin yunwa ba, ya sulale cikin gida ya zo da gasasshen maraƙi ya matsar da shi gabansu. Duk wanda ya ce wa Bahaushe "A kawo maka abinci?" ya san za a ce masa "A'a, alhamdulillahi, a ƙoshe nake." Kawowa ake yi.

Bayan an cika waɗannan, sai a yi kwalliya, kuma ina son kwalliya. Bango fari, ko da farar ƙasa ce, yana ƙara wa ƙaramar fitila haske, sauro da kunama kuma ba sa ɓuya a jikinsa. Tabarmar kaba mai rini, filon fata na dukawa, faifai biyu ko uku a bango, luru ko gwado na saƙi a ƙarshen gado: duk ana samunsu a kasuwannin ƙasar nan, kuɗinsu na komawa hannun masu sana'ar gida, kuma baƙon da ya zo daga Abuja ko Yamai zai san a ƙasar Hausa ya kwana. Abin da zan roƙa shi ne a rage kaya. Ɗakin baƙi ba ɗakin amarya ba ne da ake yi wa jere. Baƙo na bukatar fili da zai ajiye jakarsa ya shimfiɗa darduma, kuma kayan fashewa masu tsada ba sa ƙara masa komai sai ɗari-ɗari.

Na san da yawa za su ce duk wannan maganar masu ɗaki ne. Gidaje nawa ne a Daura ke da ɗakin da ba kowa a ciki? Gaskiya ne, kuma mafi yawan baƙin garin nan a irin waɗannan gidaje suke sauka. Samari su koma zaure ko gidan maƙwabta, a ba baƙo ɗakinsu. Babu aibi a ciki, an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ake bukata shi ne a kwashe tarkacen samarin gaba ɗaya, kada su riƙa shigowa ɗaukar takalmi da caja baƙo na kwance. A sauya zanen gado, a saki labule a ƙofa. Sannan mai gida ya raka shi har ciki da kansa, bayan an gaisa an sha fura, ya nuna masa komai da baki: "Malam, ga buta nan, ga ruwan sha. Gabas nan take. Makewayi na hannun dama in ka fita, ba kowa a wajen. Ƙofar zaure sakata ce kawai, in za ka masallaci ja za ka yi. Ga yaro nan a zaure, in da wani abu ka tashe shi." In ya gama, ya ce a huta gajiya, ya ja masa ƙofa. Hirar yaushe gamo ta jira gari ya waye, don mutumin da ya wuni a mota tun daga Legas ko Agadas barci yake so.